Wasiƙa daga Yogyakarta: daren da inuwa ke magana

 Yaya, ka ce in ba ka labarin mutanen Indonesiya ban da batun masallatai da shinkafa. To, bari in fara da wasan da suke kira wayang kulit, domin a nan tsibirin Jawa ba ka san mutane ba sai ka kwana a wurinsa.

Ana shimfiɗa farin ƙyalle, a rataya fitila, mai wasan da ake ce wa dalang ya harɗe ƙafa a gindinta. 'Yan tsanarsa na fatar ɓauna ne, an sassaƙa su da ƙananan huji kamar leshi, haske na ratsa su inuwa ta faɗa kan ƙyallen. Mutum ɗaya ne ke muryar sarki da ta jarumi da ta dodo. Da yatsun ƙafarsa yake dukan wasu faifan ƙarfe don bai wa masu kiɗan gargajiya da ake kira gamelan umarni, mata mawaƙa suna amshi a gefe. A wasan gargajiya yakan fara wajen ƙarfe tara na dare, ba zai tashi ba sai goshin asuba. Na zauna ta bayansa, na ga gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, amma hannunsa bai yi rawa ba.

Labaran daga Ramayana da Mahabharata na Indiya suka samo asali, masu kallo kuwa galibinsu Musulmi ne. Mutanen nan suna cewa Sunan Kalijaga, ɗaya daga cikin waliyyai tara da suka yaɗa Musulunci a Jawa, da wannan wasa ya riƙa jawo jama'a. Har yau idan Maulidi ya zo, a harabar babban masallacin garin ake kaɗa gamelan na fada a bikin Sekaten. Akwai ma jerin labaran Menak da aka gina kan jaruntakar Sayyidina Hamza. Akwai malaman da ba sa son wayang, amma wasan bai mutu ba, kuma a 2003 hukumar UNESCO ta sa shi cikin manyan kayan gadon bil'adama.

Inda ya fi taɓa ni shi ne tsakar dare, lokacin da Semar da 'ya'yansa Gareng da Petruk da Bagong ke fitowa. Babu su a littattafan Indiya, 'yan Jawa ne suka ƙirƙire su. Barori ne munana, suna barkwanci irin na 'yan kamanmu, amma ta bakinsu dalang ke faɗar tsadar kaya da halin masu mulki, jama'a na shewa. Semar mai ƙaton tumbi bara ne, sai dai a labarin ya fi iyayen gidansa daraja, kuma wurinsa suke neman shawara.

Ban da batun wasan, Indonesiya ƙasa ce mai tsibirai fiye da 17,000 da harsuna sama da 700. A ranar 28 ga Oktoba 1928 matasa suka yi alkawarin ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, harshe ɗaya, kuma ba harshen Jawa mai rinjaye suka ɗauka ba, na Malay da ake ciniki da shi suka ɗauka. Marubuta ne suka raine shi. Ɗaya daga cikinsu, Pramoedya Ananta Toer, ya shafe shekara 14 a tsare ba shari'a, daga 1965 zuwa 1979, yawancinsu a tsibirin Buru. Kafin a bar shi ya yi rubutu, da baki ya riƙa bai wa 'yan uwansa fursunoni labarin Minke, saurayin da ya taso ƙarƙashin mulkin Turawan Holan. Labarin ya fito a littafin Bumi Manusia a 1980, gwamnatin Suharto ta haramta shi a 1981. Yau ɗalibai na sayensa a fili.

Don Allah Yaya, tun da sauran ƙarfin Inna, ka sa yara su ɗauki tatsuniyoyinta a waya, ka turo mini. Abokan karatuna sun nemi in ba su namu labaran, kuma muryarta nake so su ji. A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Naka ƙane.