Elcados ta Kano da Hausar da ke bayan faifai

A Poli, babban garin yankin Faro a arewacin Kamaru, Fillanci ne harshen kasuwa, Faransanci na makaranta, Hausa kuwa ta cikin gida ce. Da ita na tashi, amma da na fara nazarin harshen a rubuce sai na riƙa jin kunyarta. Mukan cusa kalmomin Fillanci, mukan datse ƙarshen kalma, har na saba da yin shiru in na zauna da wanda ya yi karatu a Kano ko Zariya.

Wata rana a Garwa wani abokina ya kunna mini tarin waƙoƙin da kamfanin Soundway na Ingila ya fitar a 2008 da sunan Nigeria Rock Special. Jita ce mai amo da ganguna irin na Turawa, kiɗan da ban taɓa dangantawa da ƙasar Hausa ba. Sai idona ya faɗa kan sunan wata waƙa, “Ku Mi Da Hankan”, ta wata ƙungiya mai suna Elcados. Sai da na karanta shi da ƙarfi sau uku kafin kunnena ya kama abin da idona ya kasa: a fahimtata, “ku mai da hankali” ake nufi.

Ɗalibi ya dubi abin da ya faru a nan. “Mai da” gajeren siffa ce ta “mayar da”, kamar yadda “sai da” take ga “sayar da”. Wanda ya rubuta sunan ya matse tagwan wasalin “ai” ya koma “i”, ya kuma gutsure “hankali”. Bai bi ƙa'idar rubutu ba, kunnensa ya bi. Irin Hausar da nake ɓoyewa ke nan, ga ta an buga a bayan faifai.

A Kano ƙungiyar ta tashi, da farko da sunan Moonrakers, kuma Steve Black na cikin mawaƙanta. A 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasar Nijeriya, kamfanin EMI ya fitar da faifansu This World Is Full of Injustice. Zamani ne da matasa suka rungumi jita, amma in ana ba da tarihinsa, BLO da Ofege na Legas da Funkees na gabas ake fara ambata. Kano sai a gefe.

A ɓangarenmu ma ba su sami mazauni ba, kuma wannan ya fi damuna. Littattafan da muke karantawa sun kasa makaɗa gida-gida: na fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, na jama'a irin su Shata, na sana'a, na maza. Rabo ne mai amfani, ban raina shi ba. Sai dai ba shi da gurbin samarin da ke kiɗa a gidajen rawa na birni, suna haɗa Turanci da Hausa, don haka ɗalibi zai iya gama karatunsa bai ji sunansu ba.

A littafina na ƙamus, ƙarƙashin “mai da”, na rubuta sunan waƙar yadda yake a faifan, ban gyara ba. Kusa da shi na jera kalmomi huɗu da kakata take datsewa haka a Poli.