Mai hawa shi ne abin kallo

A filin lilo, irin wanda ake kafa wa yara da sallah, in ka lura za ka ga na bakin shinge sun fi na kan lilon nishaɗi. Wanda ke sama ya runtse ido, ya ƙanƙame ƙarfe, sai ihu yake. Na ƙasa kuwa nuna shi suke suna tuntsira dariya. Wani Ba'amurke mai suna George Tilyou ya gane wannan tun da daɗewa, kuma a kansa ya gina sana'arsa.

A 1897 ya buɗe filin wasansa, Steeplechase, a Coney Island, bakin teku a kudancin Brooklyn da ke birnin Niyok a yau. Ba shi ya fara katange fili ya sa mai karɓar kuɗi a ƙofa ba. Wani mai suna Paul Boyton ya riga shi da shekara biyu a Coney Island ɗin. Abin da ya ja jama'a wurin Tilyou shi ne sukuwa: dawakai na sassaƙa jere a kan layukan ƙarfe, ana hawa mutum biyu-biyu. Gangara ce ke tafiyar da su, don haka dokin da ya fi ɗaukar nauyi ya fi samun galaba. A zamanin da saurayi ba ya kusantar budurwa a bainar jama'a, ga hujja ta samu: in ba a riƙe juna ba, a faɗo.

To amma wasan na gaskiya sai an sauko yake farawa. Hanyar fita daga wajen dawakan ba waje take kai mutum ba, kan dandamali take fito da shi, gaban jama'a zaune a kujeru. A daɓen akwai 'yan ramuka da ake hura iska mai ƙarfi ta cikinsu. Wani ma'aikaci na laɓe yana jiran lokaci, yana danna abu sai hular namiji ta yi sama, siket ɗin mace ya ɗage. Kafin mutum ya dawo hayyacinsa, ga ɗan kama, sau da yawa wada ne, ya ɗosana masa sanda mai jan lantarki. Wuri ya kaure da shewa. Shi kuma wanda aka yi wa, da ya kakkaɓe jiki sai ya nemi kujera ya zauna, ya jira na bayansa. Wasu sukan shafe sa'o'i a nan ba su sake hawa komai ba.

Sauran kayan wasan ma haka tsarinsu yake. Akwai ƙatuwar ganga mai juyawa da ake ratsawa ta ciki, baƙi su zube kan juna. Akwai faffaɗan faifai na katako mai sulɓi, a hau a zauna a tsakiya, ya yi ta majaujawa har ya watsar da kowa gefe. Ba mawaƙi, ba makaɗi da za a biya lada mai yawa. Wanda ya sayi tikiti shi ne ɗan wasan.

Ni dai ban ga abin yabo a ramukan iskar nan ba. Tozarta mace ne a gaban taro, kuma don an yi dariya ba ya mayar da shi wasa. Sai dai ta fuskar ciniki, lissafin Tilyou bai ɓata ba. Kishiyarsa Luna Park, wani filin wasan da aka buɗe a Coney Island ɗin a 1903, ta zo da hasumiyoyi da dubban ɗaruruwan ƙwayayen lantarki. Dreamland ta biyo baya a 1904 da niyyar ta fi ta ƙawa. Gobara ta cinye Dreamland a 1911, ba a sake gina ta ba. Luna ma wuta ce ta yi ajalinta, a 1944. Steeplechase ita ce ta kai har 1964.

Ba wai ita wutar ta ƙyale ta ba ne. A 1907 ta ƙone kusan ƙurmus. Gari na wayewa Tilyou ya kafa allo yana alkawarin gina wadda ta fi ta, a ƙasa kuma ya rubuta cewa mai son ganin kangon ya biya senti 10. Ya cika alkawari: shekarar da ta biyo ya tayar da makeken zaure na ƙarfe da gilashi, yadda ko ruwa ake yi ciniki ba zai tsaya ba. Ya rasu a 1914, iyalinsa suka ci gaba da riƙon wurin.

Bayan an rufe, Fred Trump, mahaifin Donald Trump, ya sayi filin a 1965 don ya gina gidaje. Da zai rushe zauren a 1966 sai ya shirya biki, ya gayyato 'yan jarida, aka raba wa baƙi bulo suka riƙa jifan gilashin gaban ginin. Gidajen kuwa bai samu izinin gina su ba, ƙarshenta ya sayar wa hukumar birnin filin.