Dutsen Adar a kan wuyan iyayenmu mata

Daminar 1984 ba ta yi ba a ƙasar Adar. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, dabbobi suka yi ta faɗuwa, ga iyakar Najeriya gwamnatin Buhari ta rufe ta, abin da ya sa har yau tsofaffinmu ke kiran yunwar wannan shekara El Buhari. Maza majiya ƙarfi suka watse bida, wasu Abijan, wasu Kano da Legas ta ɓarauniyar hanya, aka bar garuruwa da mata da yara da tsofaffi. A cikin wannan hali, zamanin Seyni Kountché, aka buɗe furojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya. Hukumar FAO ke tafiyar da shi, hukumar abinci ta PAM kuma na biyan ma'aikata da abinci. Manufarsa ita ce a tare ruwan da ke gangarowa daga tuddai yana kwashe ƙasar noma: a gina ramuka a jikin tudu, a jera duwatsu a fako, a datse koramu, a dasa itatuwa. Daga baya aikin ya kai har ƙasar Buza.

Ni a lokacin ɗan makaranta ne a wani gari kusa da Tamaske, kuma da yake hannuna ya faɗa da rubutu, aka ba ni littafin sunayen masu fitowa aiki. Kusan duk shafin da na buɗe, sunayen mata ne suka cika shi. Mahaifiyata na ciki, da gwaggona, da kishiyoyin gidanmu.

Kafin hantsi sun gama daka da ɗibar ruwa, sun iso gindin tudu. Mace za ta naɗe tsohon zane ta yi gammo, ta durƙusa, 'yar'uwarta ta taya ta ɗora dutse, ta dafa gwiwa ta miƙe, sau da yawa da goyo a bayanta. Kai a tsaye cak, wuya ba ya motsi, ido kaɗai ke neman wurin sa ƙafa. In ta kai, sai ta karkata ta yar da dutsen, ta riƙe ƙugu da hannu biyu ta ɗan banƙare, sannan ta juyo. Haka har azahar. Ranar rabo a koma gida da hatsi da mai, yara na tsalle.

Da dare ne jiki ke karɓar bashinsa. Inna takan kwanta rub da ciki a tabarma ta kira ƙaramin ƙanena ya hau ya taka mata baya, yana dafe da bango, tana ce masa, “Sauko ƙasa kaɗan, nan, nan ne.” Gwaggo kuwa man shanu take narkarwa a murza mata wuya da kafaɗa. Wata safiya na ga Inna ta kasa juya kai sai dai ta juyo da jikinta duka, na ce, “Inna, ki huta yau mana.” Ta ce, “Ɗan nan, hutu za mu dafa da dare? Rubuta ni.”

Ranar kasuwa layin wanzami ya fi na mai nama tsawo. Ya yi tsaga a gadon baya, ya kafa ƙaho, ya tsotsa, ya toshe bakin, jini ya taru baƙi ƙirin, ya nuna wa mai shi ya ce ga mataccen jinin da ke hana ta barci. Sukan tashi suna cewa jiki ya yi sakayau, bayan kwana kaɗan ciwo ya dawo.

Wannan aiki ya ceci rayuka, kuma wanda ya san tuddan Keita tsirara ya ga yadda suka koma yanzu ba zai yi musun amfaninsa ba. Dutsen ma wani babi ne kawai a rayuwar matan. Tun suna 'yan shekara bakwai suke ɗaukar tulu daga rijiya mai nisa, su jawo guga mai gaba da yawa, su ɗauko itace, su surfa, su daka. Lita 20 ta ruwa kilo 20 ce, a kan wuya ɗaya, safe da maraice, har tsufa.

Sai da na yi karatun aikin jinya a Damagaram, aka tura ni aiki ƙauyukan Buza da Madawa, na gane abin da nake kallo a da. Ƙasusuwa bakwai ne a wuya, biyar a ƙugu, kuma tsakanin kusan kowane biyu akwai wani faifai mai laushi da ke shanye nauyi kamar gammo. Shekara da shekaru na kaya sukan sa ya lotse ko ya bullo gefe ya danne jijiya. In a wuya ne, zafi ya bi kafaɗa ya sauka hannu, yatsu su riƙa mutuwa. In a ƙugu ne, ya bi ɗuwawu ya gangara bayan cinya har diddige. Kafaɗa kuwa taɓarya da guga ke cinye jijiyoyinta. Na ga tsofaffi da yawa da kafaɗarsu ta sage har ba sa iya ɗaura kallabi, kuma wannan ya fi kama masu ciwon sukari. Amma mafi yawan ciwon baya na nama ne da jijiya da gajiya, ba a ganin komai ko an ɗauki hoto, kuma yakan lafa cikin makonni in mutum ya rage kaya ya ci gaba da motsi. Doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi.

A ƙasar Madawa kuma maza na tarar. Yankin albasa ne, daga Galmi har kwarin Majiya, kuma kafin injin ban ruwa ya yawaita, a duƙe manomi ke wuni yana kwarfar ruwa da ƙwarya. Lokacin kakar albasa manyan motoci na jere a bakin titi za su Abijan da Akara da Kwatano. Buhun albasa ya haura kilo 100. Mutum biyu ko uku su ciccibe shi su aza wa ɗan dako a wuya da gadon baya, ya hau katako a sunkuye har cikin mota. Yara ne 'yan shekara ashirin, amma in sun zo wurina tafiyarsu ta dattawa ce. Mai tallan magani da tirensa ya riga ni ganinsu. Da farko farasitamol da diklofenak ne, ana sha ba lissafi har ciki ya ɗauki gyambo, daga baya tramol ya shigo, wanda ke ɓoye zafin ya bar mutum yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma kama shi ya kasa bari.

Wani da ba na mantawa saurayi ne da kawunsa ya kawo a amalanke. An yi masa ƙaho, an yi sakiya, an sha saƙe-saƙi na sanyin ƙashi wata da watanni. Da na ɗaga rigarsa, sai ga wani ƙashi ya turo a tsakiyar baya. Ya rame, yana zufa da dare, ƙafafu sun fara nauyi. Na ce, “Baba, wannan ba na dako ba ne, kada ku kwana nan.” Suka tafi asibitin Galmi, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1950, aka gano tarin fuka ne ya ci ƙashin bayan. Ya sha magani na tsawon watanni, ya dawo da ƙafarsa, sai ɗan doro da ya rage. Tun daga nan nake gaya wa kowa cewa ciwon bayan da ya zo da rama, ko zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa daga itace ko mota, ba a jira da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma babu ciwon da ya kai shi nakasa mutane a duniya. A wurinmu tsufa ake ce masa, a yi shiru. Amma na ga abin da ya rage shi da idona, kuma ba a kantin magani yake ba. Garin da aka kafa injin niƙa, kafaɗun matansa sun huta. Inda famfo ya shigo tsakiyar gari, ko amalanken jaki ya ɗauke jarkoki, 'yan mata sun daina zuwa da ciwon wuya tun kafin aure. Har yanzu ana gyaran fako a Adar da hannun mata, ana biyansu da kuɗi ko abinci. Duk mai tsara irin wannan aiki, in ya lissafa eka da itatuwa, ya sa kuɗin amalanke da baro a cikin lissafin, ya kuma ƙayyade nauyin da za a aza wa mutum ɗaya. Haka ma dillalan albasa: buhu biyu na kilo 50 ba su rage wa kowa riba ba.