Gashin Ɗawisu da Lissafin Haske

Ni ɗalibin harshe ne, amma tun da aka ba mu aikin fassara a kan kimiyyar haske, wani batu ya tsaya mini a rai. Mai karatu, ko ka san shuɗi da koren da ke jikin gashin ɗawisu ba rini ba ne? Wasu 'yan sanduna ne da ido ba ya gani, a jere reras cikin gashin. In haske ya faɗa musu, sai jerin ya maido da wani launi, ya bar sauran su shige. Masana a Jami'ar Fudan ta ƙasar Sin sun bayyana haka a 2003.

To, yaya ake sanin launin da jeri zai maido kafin a ƙera shi? Da lissafi. A 1865 James Clerk Maxwell ya nuna cewa haske kaɗawa ce ta lantarki da maganaɗisu. A 1966 kuma Kane Yee ya kawo dabarar yanka sarari gida-gida, a yanka lokaci taki-taki, kwamfuta ta riƙa bin hasken daga wannan gida zuwa wancan. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, tunda jerin maimaita kansa yake yi, ba sai an lissafa shi duka ba. Zubi ɗaya ya isa. Nan na tuna da kakata mai saƙar tabarma: da ta ga zubin farko, ta san yadda tabarmar za ta kasance har baki. Saboda haka a fassarata na kira irin wannan jeri "tsarin saƙa".

Wani abokina ya ce in bar kalmar Turanci yadda take, wai Hausa ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba. Ban yarda ba. Da wannan ilimi ake ƙera madubin lesa da wasu zaruruwan gilashi masu ɗaukar haske. In muka bar shi cikin Turanci kaɗai, mun rufe wa ƙannenmu ƙofa. Da na karanta wa ƙanwata 'yar aji uku fassarar, sai ta ce, "Yaya, ashe ɗawisu saƙa ya yafa!" Wannan ya ishe ni hujja.

'Yan'uwa ɗalibai, aikinmu ke nan. Allah Ya taimake mu, amin.