Lokacin tara a Kusa: yaron da ba ya cin ƙuli-ƙuli

Daga Katsina zuwa Jibiya ba wata tafiya ba ce mai nisa, sai dai shingayen jami'an tsaro su tsawaita maka ita. Na isa Kusa da hantsi, daidai lokacin da aka tashi tara a wata firamare. Kusa na cikin ƙaramar hukumar Jibiya, yankin da motoci ke bi ta Magama su tsallaka Ɗan Isa su nufi Maraɗi, don haka farantan masu talla a bakin makarantar sun haɗa kayan ƙasa biyu. Ga ƙuli-ƙuli da kantu da awara, ga kuma soyayyar fara da yaji, wadda mai tallarta ta ce daga Nijar ake kawo ta.

Kun dai san yadda ake yi. Mutum ɗaya ya saya, biyar su miƙo hannu: "Sam mini!" Wannan ɗabi'a tana burge ni, don da wuya ka ga an bar yaro yana kallo.

Amma na lura da wani ɗan aji biyar da aka miƙa wa ƙuli-ƙuli ya girgiza kai. Nan take wani ya ce, "Ƙyale shi, girman kai gare shi." Malaminsu ya ba ni labari: bara yaron ya ci gyaɗa, cikin 'yan mintoci leɓɓansa suka kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, numfashi ya fara yi masa wuya. A babur aka garzaya da shi asibiti.

Abin da ke faruwa shi ne, garkuwar jikin wasu mutane na ɗaukar abinci lafiyayye a matsayin abokin gaba, sai ta far masa. Gyaɗa, riɗi, waken suya, madara, ƙwai da kifi na cikin waɗanda suka fi jawo haka, kuma ɗan kaɗan ya isa. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande, fara ma tana iya tayar masa da ciwon. Idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ba lokacin jiƙa magani ba ne. Allurar adiranalin ake bukata, a asibiti, da gaggawa.

A Ingila, bayan rasuwar Natasha Ednan-Laperouse mai shekara 15 a 2016 sanadin riɗin da ke cikin burodin da ta saya, wata doka ta fara aiki a 2021 wadda ta ce a rubuta duk abin da ke cikin abincin da aka naɗe don sayarwa. A Kusa farantin talla ba shi da takarda. Tambaya kawai ke akwai, ita ma ba kowa ke yi ba.

Yaron nan ya iya ta. Na ga ya tsaya gaban mai awara ya ce, "Yaya, da wane mai aka soya?" Ta ce man gyaɗa ne. Ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya wuce wajen mai goruba. Abokin da ya kira shi mai girman kai ya goge hannu a wando, ya bi shi yana cewa a sam masa.