Faten Tuffa da Magaryar Kalmalo

Mu 'yan Kalmalo da ke makarantar nan muna so mu ba 'yan'uwa labarin wata wauta da muka yi, da abin da muka koya a cikinta.

Wata rana muka karanta yadda matan Turawa su ke dafa tuffa. Su kan fere ta, su cire ƙwallayen, su zuba ruwa kaɗan, su dafa har ta yi lugub, sa'an nan su dama. Mu dai faten tuffa muka sa masa suna. A ƙasarsu abincin mai tattali ne, gama 'ya'yan da suka faɗo suka ƙuje su a kan dafa don kada su lalace. Da aka ƙayyade sayar da sukari a Ingila cikin 1940, da Amurka cikin 1942, saboda yaƙi, da irinsa mata da yawa suka riƙa zaƙaƙa gurasa.

Da muka tafi hutu sai muka ce lalle mu gwada. Muka haɗa guzurinmu, muka tafi kasuwar Illela, muka sayi tuffa shida da tsada, domin itacen sanyi ce, ba ta yi a ƙasar Sakkwato, daga nesa a ke kawo ta. Da aka sauke tukunya, abin duka bai cika ƙaramar ƙwarya ba, mu kuwa mu biyar ne, kuɗin motar komawa makaranta kuma ya tafi.

Kakarmu tana zaune tana kallo. Ta ce, "Jikokina, wannan shi ne ilmin da a ke koya muku? Ku tafi bayan tafki ku tsinto mini magarya." Lokacin hunturu ne, 'ya'yan sun nuna. Muka cika kwando, ba mu biya ko kwabo ba.

Ga yadda ta yi. Ta shanya su kwanaki har suka bushe, ta kirɓa a turmi a hankali don kada ƙwallon ya fashe, ta tankaɗe. Rabin garin ta yayyafa masa ruwa, ta curo, ta turara, ya zama akuri, wanda a kan ajiye a yi guzuri da shi. Sauran ta dama da ruwa a kan wuta har ya yi kauri. Ga zaƙi, ga ɗan tsami, ba a sa sukari ba. Muka sha da kunu, muka ci da burodi, har maƙwabta suka samu.

Daga baya muka gane abin da muka rena masana ba su rena shi ba. Mungo Park ya tarad da mutane suna yin irin wannan waina a ƙasar Karta, cikin Mali ta yau, a 1796, ya kuwa yabi zaƙinta. Masu binciken aikin gona na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun yi wa magaryar daji aure da irin Indiya mai manyan 'ya'ya, har a Nijar a ke ce mata tuffar Sahel. Ɗanyar magarya kuwa ta fi tuffa bitamin C nesa.

To, 'yan'uwa, dabarar Baturiya daidai ce: ka dafa abin da ya yi yawa a ƙofarka, ka ajiye don gobe. Kuskurenmu shi ne mun kwaikwayi itacen, mun bar dabarar. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saura abu guda. Magarya ganyenta abincin awaki ne, ƙayarta shinge, 'ya'yanta abincin yara, amma masu neman itacen wuta ba su ƙyale ta ba. Mu da za mu zama malamai, in muka koya wa yara rena ta, wa zai hana a sare? Allah ya sa mu gane.