Daren Da Na Taka Ƙanƙara A Dutsen Annabi Musa

'Yan uwana mata, duk wadda ta ce muku ƙasar Masar zafi ce zalla, ku ce mata ta leƙa Sina'i cikin watan Janairu. Ni dai na je a 2022, lokacin da na kai wa Yayana ziyara yana karatu a Azhar, saura ƙiris in dawo Kano da karyayyar ƙafa.

Daga Alƙahira yini muka yi a mota kafin mu isa garin Santa Katrin, gindin dutsen da Larabawa ke kira Jabal Musa, inda ake cewa Annabi Musa (AS) ya gana da Ubangijinsa. Tsayinsa mita 2,285. Wajen ƙarfe biyun dare ake tashi don a riski fitowar rana a can ƙoli, kuma baƙo ba ya hawa sai da ɗan jagora daga ƙabilar Jabaliya.

Namu jagoran dattijo ne. Ya haska ƙafata da tocila, ya ga kambas ɗina na gayu mai sulɓin ƙasa, ya girgiza kai. Yaya ya ce, "Ƙanwata, mu nemi wani takalmin." Ni kuwa na turo baki, wai kada ya ɓata mini hoto. Ƙuruciya dangin hauka!

Hanya biyu ce. Akwai matakala kusan 3,750 da wani malamin Kirista ya jera da duwatsu, akwai kuma hanyar raƙuma mai zagaye, ita muka bi. Awa biyu muna tafe lafiya lau, muna tsayawa shan shayi a rumfuna, dusar ƙanƙara fari fat a gefe kamar an zazzage garin rogo. Har damƙa na yi, hannuna ya ƙage.

Wahalar tana matakala 750 na ƙarshe, inda raƙumi ke tsayawa. Ashe da rana dusar takan narke, dare na yi ruwan ya daskare a kan dutse kamar gilashi, tocila ma ba ta nuna shi. Ban yi taku talatin ba ƙafata ta zame. Wayyo Allah! Ba don dattijon ya cafko mayafina ba, da wani labarin ake yi.

Ya zaunar da mu a rumfa, ya karɓo mana hayar bargo, ya ce babu inda za mu sai rana ta bugi dutsen. Na yi kuka wiwi, don fitowar ranar na zo gani. Sai Yaya ya faɗa mini a hankali cewa a Fabrairun 2014 mutum huɗu sun rasu a duwatsun yankin nan, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su. Na yi tsit.

Hantsi ya dubi ludayi sannan muka ƙarasa. Ɗan masallaci da ɗan coci na tsaye kusa da juna, jajayen duwatsu iya ganinki. Da za mu sauko, dattijon ya ciro wata tsohuwar safar ulu daga aljihunsa, ya sa ni na ɗora ta a kan kambas ɗin don ta kama dutse. A haka na sauko, a haka kuma Yaya ya ɗauke ni hoton.